Sistocin Katolika: Wa Ke Biyan Su, Kuma Me Suke Nema a Wurin Talaka?

Tambaya: Wani magidanci daga Kaduna ya ce matarsa ta haihu a asibitin mishan, haihuwar ta zo da gardama har sai da aka yi mata tiyata. Kuɗin hannunsa bai kai ba, amma sistar da ke riƙe da asibitin ta sa aka sallame su, ta ce ya riƙa kawo sauran a hankali. Yana son sanin su wane ne waɗannan mata, wa ke biyan su, me ya hana su aure, kuma ko gaskiya ne taimakon nasu dabara ce ta jan mutane zuwa addininsu.

Amsa: Malam, barka da arziki. Allah Ya raya abin da aka samu, Ya ƙara wa mai jego lafiya.

Abin da ya faru da kai ba baƙo ba ne ga duk wanda ya yi aikin lafiya kusa da asibitocin mishan. Mutanenmu sukan yi masa ɗayan fassara biyu: wasu su ce matan nan waliyyai ne, wasu su ce tarko ne aka ɗana da allura. Duka biyun gajeren bayani ne. Sista mutum ce kamar kowa. Akwai mai sanyin hali, akwai kuma wadda ma'aikata ke watsewa da sun ji takunta a baranda. Abin da ya bambanta aikinsu shi ne tsarin da aka ɗora rayuwarsu a kai. Shi ne ya ba ta damar yi maka lamuni, kuma ta cikinsa ne ɓarna take shigowa a inda ta shigo.

Da farko, ba ƙungiya ɗaya ba ce. Ɗaruruwan ƙungiyoyi ne, kowacce da shugabarta, da dokokinta, da asusunta, da irin aikin da ta ƙware a kai. Alƙaluman fadar Vatikan na 'yan shekarun nan sun nuna mata kusan 600,000 ne ke wannan rayuwa a duniya, alhali a farkon shekarun 1970 sun kusa miliyan ɗaya. Ba limamai ba ne, ba sa jagorantar babbar ibadar coci, wannan aikin Fada ne, wato limamin coci namiji. Wasunsu na zaune a killace suna addu'a kawai, ba ka ma ganin su. Waɗanda kake haɗuwa da su a asibiti da makaranta da gidan marayu su ne masu fita aiki, kuma su ne mafiya yawa.

Ba a wayar gari mace ta zama sista. Takan fara da zaman gwaji a gidansu, sannan ta shiga horo na musamman wanda dokar cocin ta ce kada ya gaza wata 12, kada ya wuce shekara 2. Daga nan ta ɗauki alkawari na wucin gadi, tsakanin shekara 3 zuwa 6, a wasu lokuta har 9. A duk tsawon wannan lokaci tana iya cewa ta fasa, su ma suna iya ce mata ba ta dace ba, kuma da yawa suna komawa gida su yi aurensu. Wadda ta jure ita ke ɗaukar alkawarin har abada, wanda ba a yarda a ɗauka ba sai an cika shekara 21. Alkawuran uku ne: ba za ta mallaki dukiya ba, ba za ta yi aure ba, za ta yi biyayya ga shugabanninta.

Amsar tambayarka ta kuɗi tana cikin alkawarin farko. Ɗauki sista likita, wadda ta yi karatunta cikakke har ta ƙware a tiyata. Idan asibiti ya yanka mata albashi, kuɗin ba ya shiga aljihunta, domin doka ta ce duk abin da ta samu da guminta na ƙungiya ne. Abin da ke nata shi ne ɗakin kwana, abinci, sutura, magani idan ta yi ciwo, da ɗan kuɗin kashewa wanda a gidaje da yawa sai ta rubuta yadda ta ɓatar da shi. Ba ta biyan kuɗin makarantar yara, ba ta tara wa 'ya kayan ɗaki, ba ta gini a ƙauyensu, ba ta da magada. Ba ta da asibitin kuɗi a bayan gari da za ta riƙa karkatar da marasa lafiya can da yamma. Gidanta yana cikin harabar asibitin, don haka idan naƙuda ta rikice ƙarfe biyun dare, ƙofa kawai za a buga. To ka lissafa asibitin da likitarsa, da shugabar ma'aikatan jinyarsa, da mai riƙe da kuɗinsa duk haka suke. Rarar da a wani wuri za ta tafi albashi da riba, a nan ita ce ke cike giɓin wanda ya kasa biya.

Sauran kuɗin kuma yana fitowa ne daga kuɗin kati da na magani da masu hali ke biya, da makarantun kuɗi da wasu ƙungiyoyin ke gudanarwa a birane, da gonaki da kiwon kaji, da gudummawar hukumomin agaji na Katolika irin su Misereor ta Jamus da Caritas. Akwai wani attajiri ɗan Amurka mai otal-otal, Conrad Hilton, da ya bar wasiyya a kula da aikin sistoci, kuma har yau gidauniyarsa na yi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Fafaroma ba ya biyan su albashi. Kowace ƙungiya ita ke ɗaukar nauyin kanta, har da jinyar tsofaffinta.

Batun aure, a wurinsu ibada ce: suna cewa sun miƙa kansu gaba ɗaya ga Allah da hidimar bayinSa, suna koyi da Yesu Almasihu wanda bai yi aure ba. Ga Musulmi wannan ba hanyarsa ba ce, aure sunna ne, kuma Alƙur'ani ya ambaci ruhubananci a Suratul Hadid, aya ta 27, a matsayin abin da mabiya Annabi Isa suka ƙaga wa kansu. Ya kuma ambaci malamansu da masu zuhudunsu a Suratul Ma'ida, aya ta 82, da cewa ba sa girman kai. Na bar wa malamai tafsiri. Abin da na sani ta fuskar aiki shi ne macen da ba ta da miji da 'ya'ya, kuma ta yi alkawarin biyayya, ana iya tura ta ƙauyen da babu wuta babu hanya ta shekara ashirin, inda ma'aikacin gwamnati zai fara neman canjin wurin aiki tun kafin ya sauke kayansa.

Abin mamaki, cocin da kansa ya daɗe yana hana su wannan aiki. A 1298 Fafaroma Boniface na Takwas ya kafa dokar cewa duk mace mai zaman zuhudu sai ta zauna a kulle, kuma aka sake jaddada dokar a ƙarni na 16. Waɗanda suka yi wa dokar dabara su ne Vincent de Paul da Louise de Marillac a birnin Faris a 1633. Suka tara 'yan matan ƙauye don jinyar talakawa a gidajensu, suka ƙi kiran su masu zuhudu don kada a kulle su, suka sa su ɗaukar alkawari na shekara guda-guda. Ƙungiyar, Daughters of Charity, tana nan har yau, tana aiki a Najeriya, kuma har yanzu duk shekara suke sabunta alkawarin. Aikin likita kuwa ya fi jinkiri: sai a 1936 Vatikan ta yarda sista ta karɓi haihuwa ko ta yi tiyata. Cikin waɗanda suka matsa har aka yi hakan akwai Anna Dengel, likita 'yar Ostiriya, wadda ta yi aiki a Rawalpindi, a ƙasar da yanzu take Pakistan, ta ga matan kulle suna mutuwa wajen haihuwa saboda ba za a kai su gaban likita namiji ba. Ita ta kafa ƙungiyar mata likitoci a 1925. Shekara guda bayan an ɗage hanin, wata 'yar Ailan, Mary Martin, ta ɗauki alkawarinta tana kwance ba lafiya a asibiti a Fatakwal, ta kafa Medical Missionaries of Mary. Daga cikinsu aka samu Dakta Ann Ward, wadda ta shafe shekaru tana ɗinkin yoyon fitsari a Itam kusa da Uyo, tana kuma koya wa likitoci aikin.

Idan kana son misali ɗaya da zai nuna maka abin da tsarin nan ke iya haifarwa a ƙasar Musulmi, ka duba Ruth Pfau. Bajamushiya ce, an haife ta a Leipzig a 1929, ta ga yadda yaƙin duniya na biyu ya ragargaza garinsu, ta yi karatun likita, ta shiga ƙungiyar Daughters of the Heart of Mary. A 1960 aka tura ta Indiya, matsalar biza ta tsayar da ita a Karaci. Can aka kai ta wata unguwar kutare a bayan tashar jirgin ƙasa, inda ake da wani ɗan ɗakin shan magani da aka harhaɗa da katakai. Ta ga wani saurayi ya shigo yana rarrafe da hannu da ƙafa cikin ƙazanta, kuma babu wanda abin ya dama, har shi kansa. Daga nan ba ta ƙara gaba ba. Ta zauna a Pakistan shekara 57.

Wanda bai san aikin kuturta ba zai ɗauka raba magani ne kawai. Maganin ma shi ne mai sauƙi: tun farkon shekarun 1980 ake haɗa ƙwayoyi iri-iri, a yau a sha wata 6 ko wata 12, ciwon ya mutu. Wahalar tana wajen gano shi da wuri da kuma bin mutum har ya gama sha. Ma'aikaci zai sa mutum ya rufe ido, ya shafa masa auduga a kan wani tabo mai haske a baya ko a cinya, ya ce nuna inda na taɓa. Idan bai ji ba, jijiya ta fara taɓuwa. Kuturta ba ta cinye yatsu kamar yadda ake faɗa. Ji ne ke ɗaukewa, sai mace ta ɗauki tukunya mai zafi ba ta sani ba, manomi ya taka ƙaya ya yini a kanta, gyambo ya shiga, ƙashi ya ruɓe. Don haka ake koya wa mai ciwon ya jiƙa ƙafarsa a ruwa kullum, ya kankare kantar, ya shafa mai, ya duba tafin ƙafa kafin ya kwanta, ya sa takalmi mai laushi a ciki. Aiki ne mai gundura, na shekara da shekaru, babu hoton jarida a cikinsa. Pfau ta gane ita kaɗai ba za ta iya ba, sai ta horar da ma'aikata 'yan ƙasa, galibinsu Musulmi, wasunsu ma waɗanda suka warke ne, ta haɗa kai da gwamnati, aka buɗe cibiyoyi sama da 150, tana bin su a mota da ƙafa har cikin duwatsun Balochistan da iyakar Afghanistan. A 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Pakistan ta shawo kan cutar. Da ta rasu ranar 10 ga Agusta, 2017, gwamnati ta yi mata jana'izar ƙasa, sojoji suka ɗauki gawarta lulluɓe da tutar Pakistan, aka sa wa babban asibitin gwamnati na Karaci sunanta.

Yanzu ga tambayarka mai nauyi. Ba zan ce maka babu batun addini a ciki ba, domin su kansu ba su ce haka ba. Saboda addini suke aikin, za ka ga gicciye a bango, za ka ji addu'ar safe, kuma suna murna idan wani ya karɓi addininsu. A zamanin Turawa ma ba a ɓoye ba: makaranta da ɗakin shan magani su ne ƙofar shiga gari, kuma da makaranta Bishop Shanahan ya kafa Katolika a ƙasar Ibo. Shi ya sa sarakunanmu suka yi taka-tsantsan, Turawan mulki suka taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi, aikinsu ya fi ƙarfi a Sabon Gari da kudancin Zariya da Filato da ƙauyukan Maguzawa. Amma matsayin cocin a rubuce a yau ya fito fili. Babban taronsa na 1965 ya haramta tilasta wa kowa addini, kuma Fafaroma Benedict na 16, a wasiƙarsa ta 2005, ya ce kada a mai da sadaka hanyar farautar mabiya. Ko ana bin wannan a kowane lungu? Ba za a rasa mai wuce gona da iri ba, musamman inda ake riƙon yara marayu ko ake tsaye a kan mai gargarar mutuwa, kuma nan ne ya kamata dangi da hukuma su sa ido. Sai dai ka duba abin da ya wakana a zahiri. Sistocin St Louis sun zo Kano a 1948, 'ya'yan Musulmi masu yawa sun yi karatu a makarantarsu, sun fito da addininsu, wasu sun zama likitoci da alƙalai. A Maradi, Mère Marie-Catherine Kingbo, 'yar Senegal, ta kafa wata ƙungiya a 2006 da ke ciyar da yara masu tamowa da koyar da 'yan mata a ƙauyukan da kusan kowa Musulmi ne, kuma da limamai da masu gari ta riƙa zama kafin ta fara komai. Idan tarko ne, to tarkon bai kama abin kirki ba.

A Yaman kuwa gwamnati ce da kanta ta gayyaci sistocin Mother Teresa a 1973. Ranar 4 ga Maris, 2016, 'yan bindiga suka shiga gidan gajiyayyun da suke riƙe da shi a Aden suka kashe mutum 16, huɗu daga ciki sistoci ne: biyu 'yan Ruwanda, ɗaya 'yar Kenya, ɗaya 'yar Indiya. Yaƙi ya riga ya kori yawancin baƙi, su suka ƙi tafiya su bar tsofaffin.

To amma tsarin da ke haifar da wannan juriya shi ne kuma ke rufe baki idan an yi kuskure. Inda biyayya ta zama ibada, ƙaramar sista ba ta iya ce wa babba wannan ba daidai ba ne, kuma inda jama'a ke ganin mutum tsarkakakke, babu mai neman ya ga littafin kuɗi. Mother Teresa, wadda ta kafa Missionaries of Charity a Kalkata a 1950 ta kuma karɓi kyautar Nobel a 1979, ta ɗauko dubban mutane daga bakin titi suka mutu a kan shimfiɗa mai tsabta da wani a kusa da su, wannan babu mai musu. Amma a 1994 Dakta Robin Fox, editan mujallar likitoci ta Lancet, ya ziyarci gidanta na Kalighat ya rubuta cewa ba a tantance mai warkewa da wanda ba zai tashi ba yadda ya kamata, kuma maganin kashe zafi mai ƙarfi ya yi ƙaranci. An kuma soke ta kan karɓar kyauta daga iyalan Duvalier masu mulkin kama-karya a Haiti. A ra'ayina sukar Fox tana kan hanya: tausayi ba ya maye gurbin ƙwarewa, kuma wannan ne ya sa nake fifita irin aikin Pfau da Ward, waɗanda suka riƙe ilimin likita da muhimmanci kamar yadda suka riƙe addu'a.

Na Ailan ya fi muni nesa ba kusa ba. Can ƙungiyoyin sistoci sun riƙe gidajen wanki inda ake tsare 'yan matan da suka yi cikin shege ko aka ga ba sa jin magana, suna aiki ba biya, wasu har tsufansu. Na ƙarshe sai a 1996 aka rufe shi, kuma a 2013 firaminista Enda Kenny ya nemi gafara a majalisa, domin da hannun gwamnati aka yi. A garin Tuam, wata mai binciken tarihi, Catherine Corless, ta tono takardun mutuwar yara 796 a wani gidan riƙon uwa da jariri tsakanin 1925 da 1961, babu takardar inda aka binne su. Su ma sistocin ba su tsira daga zalunci a cikin gida ba: a 2019 Fafaroma Francis ya amsa a bainar jama'a cewa akwai limaman coci da bishop-bishop da suka ci zarafin sistoci.

Abu na ƙarshe da ya kamata ka sani shi ne zamani ya juya. Turawan da suka kafa waɗannan wurare sun tsufa, sun koma gida ko sun mutu. A Amurka sistoci sun kai kusan 180,000 a 1965, yau ba su kai 40,000 ba. Afirka ce inda adadin ke ƙaruwa, kuma mai yiwuwa wadda ta sallame ku 'yar Filato ce ko Binuwai ko kudancin Kaduna ko ƙasar Ibo, Hausa a bakinta kamar taka. Ita ba ta da dangi a Dublin, babban birnin Ailan, da za su tara mata kuɗi a coci ranar Lahadi, ga man janareta, ga tsadar magani, ga albashin ma'aikatan da ba sistoci ba, waɗanda su ne mafiya yawa kuma suna da iyali. Shi ya sa za ka ji ana ƙorafin asibitin mishan ya yi tsada yanzu, har wasu wuraren sun fi ƙarfin talakan da aka gina su dominsa, abin da ke damun su kansu sistocin. Lamunin da aka yi maka daga aljihun da ba shi da zurfi ya fito.

Idan mai ɗakinka za ta ci gaba da zuwa awo da rigakafin jariri a can, babu laifi ta fuskar lafiya. Amma tun da tiyata aka yi mata, likitoci za su so ta huta kamar shekara biyu kafin wani cikin, kuma asibitin Katolika ba ya ba da ƙwayar tazarar haihuwa ko allura ko robar da ake sawa a dantse, saboda koyarwar cocinsu ta hana. Lissafin kwanaki kawai za su koya muku. In kun yanke shawarar amfani da ɗaya daga cikin waɗancan, sai ku nufi asibitin gwamnati, ku tafi da katin sallamar da ke nuna irin aikin da aka yi mata.